Ta'aziyya a Zabarmari, Dafa-duka a Mairi

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin farko da ya riske ni a gidan miji ba. Ko da na so in manta ma, dangin mijina ba za su bar ni ba.

Lokacin ban fi wata huɗu da aure ba. Iyayena Kanawa ne, amma ni a unguwar Hausari aka haife ni, a nan Maiduguri na yi wayo, kuma ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Mijina Abba dillalin shanu ne kamar mahaifinsa. A babban gidansu aka ajiye ni, ƙofar sashena tana kallon zauren surukina, Baba Alhaji.

Sai na ɗan gaya muku waye Baba Alhaji, don ku yi min uzuri. Dogo ne siriri, farin gemu, carbi ba ya barin hannunsa. A daji aka haife shi, a bayan shanu ya girma, sai da annoba ta cinye musu rabin garke sannan suka shigo gari. Ba ya faɗa, ba ya hira, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. In ka durƙusa ka gaishe shi, zai ce "Lafiya," ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa da na tashi a gidan da mutum biyar ke magana a lokaci guda, sai na ɗauki shirun nan a matsayin tsanani. Na zauna na ƙera masa hali a raina: wannan dattijon ba ya son wasa, ba ya son kiɗa, kuma lalle ba ya son hulɗa da wanda ba Musulmi ba. (Ba wanda ya gaya min haka. Daga gemu na karanto.)

Ga kuma Rifkatu. Ƙawata ce tun muna aji ɗaya a sakandare, yanzu kuma tare muke koyarwa. Mutanen Biu ne, gidansu yana unguwar Mairi. Duk Babbar Sallah a gidanmu take wuni, ita ke tsayawa kan kaskon suya da Ummata, har Umma kan ce ta fi ni amfani. Ni kuma duk Kirsimeti ina gidansu, in ci in yi nak, a ƙullo min cincin a leda. Babanta, Baba Yohanna, tsohon malamin dabbobi ne, kuma tun ina yarinya na san wani abokinsa Musulmi ne yake yi musu yanka, don maƙwabta su ci hankali kwance. Ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Wa yake tambayar mahauci alhali nama yana gabansa?

To, tun da na tare, Rifkatu take cewa za ta zo ta ga ɗakina. Ranar kai amarya ba ta samu zuwa ba, ta raka mamanta asibiti. Ni kuma kullum da uzurina. Yau ana fenti, gobe mun yi baƙi daga ƙauye, jibi Abba ba ya jin daɗi. Gaskiyar maganar ita ce, in na tuna za ta ratsa ta gaban zauren Baba Alhaji da ɗan kwalinta da 'yar sarƙarta mai gicciye, sai in ƙirƙiro wani uzurin.

Saura kamar mako guda Kirsimeti, muna tsakar gida ni da Yagana, ƙanwar mijina, tana tsince shinkafa, sai ta ce ita fa ta ƙosa ranar ta zo ta ci cincin. Na waiga na ga Baba Alhaji yana alwala a bakin rijiya, kusa da mu. Sai shaiɗan ya raɗa min cewa ga dama ta samu ta nuna wa suruki irin tarbiyyar da aka kawo masa gida. Na gyara murya, na ɗaga ta yadda za ta kai rijiya.

"Ni fa, Yagana, ban yarda da cin abincin Kirsimeti ba. Mutum ya tsare addininsa."

Yagana ta dube ni galala. Baba Alhaji ya ɗago, ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya sunkuya ya wanke ƙafarsa ta hagu. Na koma ɗaki ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. (Ni ɗin nan da cincin ɗin maman Rifkatu ya gina min rabin jiki.)

Ana gobe Kirsimeti Rifkatu ta kira ni. "Bakanuwa, Kaka ta zo daga Biu, tun jiya take tambayarki. In ba ki zo ba, ni da ke shi ke nan." Abba kuwa yana can kan hanyar kudu da motar shanu, don wannan ne lokacin da kasuwarsu ta fi ci. Kafin ya tafi ya ce min in fita ta kama, in gaya wa Baba.

Ranar Kirsimeti da hantsi na sami Baba a zaure, na durƙusa.

"Baba, ina so in je gaisuwa."

"Ina?"

"Zabarmari." (Har yau ban san ta inda Zabarmari ta faɗo bakina ba. Ban taɓa taka garin ba, shinkafarsu kawai na sani.)

"Wa ya rasu?"

"Kakar wata abokiyar aikina ce."

Sai ya ajiye carbi ya ɗaga hannu. Jama'a, Baba Alhajin da ba ya haɗa kalma uku, ranar ya zuba addu'a kamar an buɗe famfo. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya ba iyalanta haƙuri. Ni kuma ina durƙushe ina ta "Amin, amin," gumi yana bin bayana. Da ya shafa ya ce, "Ki isar musu da gaisuwata. Ki dawo da wuri, hanyar ba ta son yamma."

Don kada wani ya ga na nufi Mairi, sai na hau keke napep zuwa Kasuwar Kwastam, wai a ce ga ni can na yi hanyar Zabarmari. A kasuwar ne wata dabarar ta sake zo min: in sayi niƙabi. Ni ba mai sa niƙabi ba ce, hijabina da tabarau ɗina kawai aka san ni da su. Na saya, na ɗaura a bayan wani shago. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, niƙabi da tabarau ba sa ga maciji. Ina numfasawa gilashin ya yi fari fat. In goge, in numfasa, ya sake rufewa. Haka na hau wani keken ina laluben ƙarfe kamar makauniya, har mai keken ya ce, "Hajiya, a hankali, ko asibitin ido za mu?"

Wajen azahar na sauka a ƙofar gidan su Rifkatu. Akwai wata babbar bishiyar dalbejiya a gefen ƙofar, inda dattawa suke shimfiɗa tabarma duk shekara. Ta cikin hazon tabarau na hango fararen riguna, na sirantar da muryata na ce, "Sannunku da hutawa." Wani ya amsa da Barbarci, "Wushe, wushe." Na shige da sauri ina yaba wa kaina.

Rifkatu ta tare ni a bakin falo. "Sannu Hajiya, wa kike nema?" Na ɗage niƙabin. Ta yi tsalle ta rungume ni. "Bakanuwa! Yaushe kika koma haka?"

"Mura nake yi," na ce. (Ƙarya ta biyu ke nan, ba a ma yi la'asar ba.)

Falon cike yake. Ga Kaka a kan kujerar tsakiya, 'yar tsohuwa ƙarama, kunnenta ya yi nauyi amma haƙoranta garau, ta kama hannuna tana ta sa min albarka da Hausarta ta mutanen Biu. Ga kuma Kawu Dauda, ƙanen Baba Yohanna, malamin jami'a, wanda kowa ya san rabonsa da coci tun yana saurayi, masallaci kuwa sai dai ya wuce ta gabansa. Ya cika faranti kamar dala, Kaka tana yi masa tsiya.

"Dauda, ba ka je sujada ba, amma ka riga masu sujada zama."

"Mama," ya ce da ƙarfi don ta ji, "ni ban ɓoye wa kowa ba. Ba na zuwa coci, ba na zuwa Idi. Amma duk gidan da aka ɗora tukunya don farin ciki, a sahun gaba za a same ni. Da Sallah ma gida uku nake zagawa. Ku kuna murna da abin da kuka yi imani da shi, ni kuma ina murna da ku."

Aka yi dariya. Ni kuwa a raina na ce, ji munafuki, ba ya yi amma yana ci. Na faɗi haka ne fa da niƙabi a cikin jaka da gawar Zabarmari a wuyana.

Na yi sallar azahar a ɗakin Rifkatu, a kan dardumar da mamanta ta daɗe da ajiyewa saboda irinmu. Daga nan aka kawo dafa-duka, da farfesun kayan ciki, da soyayyen naman akuya, da kaji, da zoɓo mai sanyi. Na ci loma ɗaya, na ci biyu, sai duk wani tsoro ya bi ruwa. Aka kunna kiɗan mutanen Biu, Kaka ta fara rausaya kafaɗa daga zaune. Rifkatu ta ɗauko wata jar hula mai farin tuntu, irin ta Kirsimeti, ta kafa min a kan hijabi, wai ta yi min kyau. Ban cire ba. Kaka ta miƙo hannu ta ce in tashi in taka mata. Na tashi. Cinyar kaza a hannun dama, jar hula a ka, ina juyi a tsakiyar falo, ana tafa min, ina cewa, "Kaka, yau sai kin ba ni kyauta!"

Sai aka ɗaga labule.

Baba Yohanna ne ya fara shigowa, yana cewa, "Bismilla Alhaji, shigo ku gaisa da Mama." A bayansa kuwa, dogo, siriri, farin gemu, carbi a hannu.

Kun san yadda akuya take yi in fitilar mota ta haske ta? Haka na ƙame, ƙafa ɗaya a sama. Kiɗa bai tsaya ba, ni ce na tsaya. Abu na farko da hankalina ya ba ni shi ne in ɓoye kazar, sai na cusa ta cikin hijabi. Na biyu, na zube a ƙasa na durƙusa. Hular kuwa na manta da ita sam, ina sunkuyar da kai tuntun ya zazzago yana lilo a kan hancina.

Baba Alhaji bai ko dube ni ba. Ya wuce gaban Kaka ya russuna, suka gaisa kamar uwa da ɗa, ta tambaye shi shanu, ya tambaye ta hanya. Sai da suka gama tsaf, Baba Yohanna ya nuna ni.

"Alhaji, ga 'yarmu ta biyu. Ƙawar Rifkatu ce tun suna yara, tare suke aiki."

"Na san ta," in ji Baba. "Surukata ce. Matar Abba."

Falo ya kaure da murna. Maman Rifkatu ta rangaɗa guɗa. Ashe Baba Yohanna ya je ɗaurin aurena a ɓangaren ango, 'yarsa tana can tana rawa a ɓangaren amarya, ba wanda ya gane Abban nan shi ne Abban can. (Laifin Maiduguri ne, kowane gida da Abbansa.) Ashe kuma wuƙar da na ga Baba ya naɗe a tsumma ya fita da ita jiya da yamma, da na zaci suna ake yi a wani gida, akuyar da ke cikina ta je yankawa.

Sai Baba ya juyo gare ni a hankali. "Tare kuke aiki?"

"E, Baba."

Ya dubi Rifkatu, ya dubi Kaka da ta ɗauki ƙashi tana ƙwaƙular ɓargo, ya sake dubana.

"Wannan ce kakar?"

Na gyaɗa kai. Tuntu ya gyaɗa tare da ni.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Tun da nake ban taɓa yin addu'a ta karɓu da sauri haka ba. Da hantsi na roƙa mata rahama, ga shi kafin la'asar har ta tashi tana tauna ƙashi."

Wani ya kashe kiɗan. Rifkatu ta matso kusa da ni. "Me kika gaya masa?"

Da wata murya da ban san ina da ita ba na ce, "Cewa na yi kakarki ta rasu. A Zabarmari."

Kawu Dauda ya ƙware da zoɓo. Kaka ta ga kowa yana kallonta, ta ce, "Me aka ce?" Kawu ya share hawaye, ya kai baki kunnenta ya kwarma, "An ce kin mutu, Mama! A Zabarmari!"

Kaka ta ajiye ƙashi. "Ni? To me ya kai ni Zabarmari?"

A nan ne na fara ganin haƙoran Baba Alhaji. Farare ne tas, masu kyau. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar Baba Yohanna. Ni kuwa ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, man kaza yana ratsa hijabina yana zana taswira a ƙirjina.

Da na samu kafa sai na sulale na shige kicin. Rifkatu ta biyo ni. Na zaci dariya za ta ci gaba da yi min, amma sai na ga ta jingina da bango ta naɗe hannu.

"Wato shi ya sa fentin gidanku ba ya bushewa."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Kashe Kaka da kika yi bai dame ni ba, ga ta can tana cin nama. Amma ni kike jin kunya, ko? Ki zo gidanmu da fuska a rufe, ni kuma kada in taka naku. Umma ba ta taɓa ɓoye ni ba. Ranar da maƙwabciyarku ta ce me arniya take yi a kan kaskon layya, kin manta abin da Umma ta ce mata?"

Ban manta ba. Umma cewa ta yi, "Wannan 'yata ce, in namanmu ya haramta gare ki, ga ƙofa." Kunyar falo ta sa ni gumi, amma wannan ita ce ta sa ni kuka. Na ciro kazar daga hijabi na ajiye, na kama hannunta da hannuna mai maiƙo na ce ta yafe min. Ta dube ni, sannan ta miƙa hannu ta cire min hular.

"Tun ɗazu nake so in yi fushi sosai," ta ce, "abin nan ya hana ni."

Bayan la'asar Baba ya aiko a ce in fito mu tafi. Na shiga tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, na maƙure a jikin ƙofa, ledar cincin a cinyata. Muka kama hanya har muka wuce ƙofar jami'a. Can ya ce, idonsa a kan titi, "Tun daga bakin ƙofa na gane ki. Wanda ya yi kiwo, da tafiya yake gane nasa, ba da fuska ba."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Shekarar da ciwo ya shiga shanunmu," ya ce, "Yohanna ne ya biyo mu daji a kan keke da akwatin allura. Ya kwana a rugarmu, ya ci abin da muka ci. Abin da ya rage mana na shanu, bayan Allah, shi ne. Ban taɓa shiga cocinsu ba, bai taɓa bina Idi ba. Ni na san ba zan bar nawa ba, shi ma ya sani. Amma ranar murnarsa ba zan bar shi ya ci shi kaɗai ba."

Ya rage gudu ya bar wani mai tura kura ya tsallaka.

"Akwai masu cewa ba sa ci, kuma ba sa cin. Ina ganin girmansu, suna da malamansu. Dauda ma da kike gani, ina yi masa addu'ar shiriya kullum, amma abin da yake ciki shi yake faɗa. Ke ce ban gane ba, 'yata. Da kika yi maganar nan a bakin rijiya, don Allah kika yi, ko don ni?"

Na ce, "Don kai, Baba."

"To ni ba ni da Aljanna," ya ce. "Ranar Asabar ki ce wa 'yar Yohanna ta zo ta ga ɗakinki."

Ta zo kuwa, da ɗan kwalinta da sarƙarta. Baba da kansa ya sa aka kawo mata kindirmo a ƙwarya, suka zauna a zaure suna hirar Biu, ni ina laɓe ina mamakin ashe mutumin nan ya iya hira. Abba ya dawo daga kudu, tun kafin ya sauke jaka Yagana ta fesa masa komai, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Sai da ya huce ya ce, "Ai da kin tambaye ni. Ni nake riƙe masa ƙafar akuyar in ina gari."

Abin da na koya dai ga shi, kyauta na ba ku: tsoron Allah daban, tsoron suruki daban, kuma in ka sa wa na biyun rigar na farko, ba ta rufe masa ƙafa. Na ari bakin dattijo na ci masa albasa, alhali shi ko warinta ba ya so. Yanzu in zan yi wa'azi a tsakar gida, sai na fara duba ko zan iya maimaita shi a ɗaki ni kaɗai, ba mai ji. Yawanci sai in ga gara in ja bakina in taya Yagana tsintar shinkafa.